Bankin da ya rubuta maka bashin ƙarya, "yi haƙuri" ba ta wanke shi

Ƙanina malamin makarantar sakandare ne, kuma yana gudun bashi kamar yadda ake gudun wuta. Sau ɗaya tak ya taɓa karɓar rancen albashi a wani banki, lokacin da damina ta matso ga ɗakunan da ya gina ba rufi. Wata 24 ana cire kuɗin tun kafin albashin ya shigo hannunsa. Ranar da aka cire na ƙarshe har gida ya zo ya same ni, bai ko gama zama ba ya ce, "Yaya, yau na sauke kaya."

Bayan kusan shekara biyu sai ya nemi wani banki marar kuɗin ruwa ya saya masa injin casar shinkafa, ya riƙa biya sannu a hankali, don mai ɗakinsa da babban ɗansa su samu abin yi. Ya cike takardu, ya kawo masu tsaya masa, har ya ba mai injin kafin alƙalami don kada a sayar wa wani. Mako uku yana sintiri. Ranar nan jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa ya ja shi gefe, ya sassauta murya ya ce, "Malam, akwai matsala a sunanka. Wani banki yana bin ka bashi, ka daɗe ba ka biya ba."

Na riƙe rahoton tarihin bashin nasa da hannuna. Shafi uku ne. Ga sunansa, ga lambar BVN, ga lambar wayarsa, sannan a tsakiyar shafi na biyu ga layi guda ɗaya: naira 41,600, jinkirin biya ya haura kwana 360, an jefa shi ajin bashin da aka fid da rai da dawowarsa. Da muka bi diddigi, ashe ofishin biyan albashi ya tura kuɗin watan ƙarshe a dunƙule tare da na sauran ma'aikata, wani a bankin bai zuba nasa kason a asusun rancensa ba. Kuɗin na kwance a cikin bankin, kwamfuta kuma tana ta ɗora masa ruwa da tara, kowane wata tana aika sunansa a matsayin wanda ya ci amana. Ba wanda ya kira shi. Ba saƙo, ba wasiƙa.

Wata uku muka yi kafin a goge layin nan. Kafin lokacin kaka ta wuce, farashin injin ya tashi, mai injin ya sayar wa wani, ya maido kafin alƙalamin da gibi. Manajan reshen ya karɓe mu da fara'a, ya ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, kuskuren na'ura ne, kuma an riga an gyara." Da muka koma gida Hajiyarmu ta ce tunda an wanke shi, mu bar wa Allah.

Ina girmama maganar Hajiya, amma a wannan gaɓar ban bi ta ba. Ra'ayina shi ne duk mai ba da rance da ya rubuta wa mutum bashin da ba ya kansa, ko ya ce ya ƙi biya alhali ya biya, gyaran rubutun rabin aikinsa ne. Ɗaya rabin diyya ce. Kuma bai kamata sai talaka ya sayar da gonarsa ya ɗauki lauya kafin ya same ta ba.

Mutane da yawa ba su ma san ana rubuta su ba. A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Shi kansa Babban Bankin yana da nasa kundin, wanda ake kira CRMS. Bankuna, da ƙananan bankuna, da kamfanonin rance ta waya suna tura bayanan masu karɓar bashi zuwa can, duk wanda za ka nemi rance a wajensa kuma sai ya leƙa kafin ya amsa maka. Tun da aka fito da BVN a 2014, suna ɗaya gare ka a idon duk bankunan ƙasar nan. A da in wani banki ya ɓata ka, sai ka tsallaka titi ka shiga wani. Yanzu tabon yana riga ka isa duk inda za ka. Daga 1 ga Agustan 2020 kuma aka ƙara tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka bashi damar ɗibar kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna. Wanda aka ba irin wannan ƙarfi a kan aljihun mutane da sunansu, dole a tambaye shi abin da zai biya ranar da ya yi kuskure.

Ba na adawa da kundin bashi. Duk wanda ya ga yadda wasu suka ɗauki rancen noma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, tamkar rabon ganima, ya san akwai bukatar a riƙa rubuta wanda ya biya da wanda ya gudu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke da niyyar biya ba. Sai dai amfanin kundin gaba ɗaya ya rataya ne a kan gaskiyarsa. In ya haɗa mai amana da macuci a layi guda, ya cuci mai amanar, ya kuma ruɗi bankin da ya ƙi ba shi rance, wanda ya yi asarar abokin ciniki nagari ba tare da ya sani ba.

A Kantin Kwari ko Dawanau mutum kan ɗauki kayan miliyoyi ba takarda ba shaida, sai sunansa kawai. Sunan nan shi ne jarinsa na gaske. In wani ya tsaya a bakin layi ya ce wane ya cinye masa kuɗi, aka bincika aka tarar ƙarya ne, ba mai cewa ai ya ba da haƙuri magana ta ƙare. Kowa ya san an taɓa abincin mutum. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. To me ya sa in banki ne ya yi irin wannan shelar, kuma ya yi ta a gaban duk bankunan ƙasa lokaci guda, sai mu ɗauke ta ƙaramin kuskuren ofis?

Akwai abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai game da ayar bashi, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. An yi umarni a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, sannan aka ce wanda bashin yake kansa shi ne zai yi shifta. Mai rauni a cikin cinikin shi aka ba bakin faɗa. Tsarin da muke ciki ya juya wannan gaba ɗaya: mai bin bashin ne yake shifta, shi yake rubutawa, shi yake aikawa, wanda ake rubutawa a kansa kuwa ba ya ko wurin. Tunda an ɗauke masa wannan kariya, mafi ƙarancin adalci shi ne nauyin kuskure ya koma kan mai riƙe da alƙalamin. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya suna da ƙa'ida sananniya, cewa ganganci da kuskure daidai suke a dukiyar mutane wajen ramuwa. Wanda akuyarsa ta shiga gonarka da dare ta yi ɓarna ba ya tsira da cewa bai aike ta ba. "Kuskuren na'ura ne" ma haka take. Na'urar tasu ce, su suka saye ta, su ke cin ribar saurinta.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mutum hannu rabbana ba, illa dai ba a sanar da jama'a. Dokar rahoton bashi ta 2017, wadda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ta ba kowa damar karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta ba shi damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba, ta kuma shimfiɗa hanya: a fara da kamfanin da ke riƙe da bayanan, in ba a warware ba a wuce Babban Banki, daga nan sai kotu. Babban Bankin yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna, wanda ke karɓar ƙorafi in ka kai wa bankinka kuka ya yi mako biyu bai share maka hawaye ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta wa duk mai riƙe da bayananka ya tabbatar sahihai ne, ta ba ka damar neman a gyara, ta kuma ce wanda ya cutu saboda saɓa mata yana iya neman diyya a kotu.

Matsalar tana cikin kalmar nan ta ƙarshe: kotu. Duk hanyoyin da suke kusa da talaka a kan gyara suke ƙarewa, ko maido kuɗin da aka cire ba bisa ƙa'ida ba. Diyyar ɓata suna da ta damar da ta kuɓuce kuwa, sai ka shirya wa doguwar tafiya.

Wani mutum a Birtaniya mai suna Richard Durkin ya yi wannan tafiyar har ƙarshenta. A Disamban 1998 ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a wani shago a Aberdeen, ta fam 1,499. Ya ba da fam 50, sauran ya sa hannu a takardar rance da bankin HFC. Da ya je gida ya tarar ba ta da na'urar haɗawa da intanet a cikinta, abin da ya nema tun farko. Washegari ya maida ta. Bankin ya ci gaba da neman kuɗinsa, ya ƙi biya tunda kayan ba sa hannunsa, sai aka rubuta shi a kundin waɗanda suka ƙi biyan bashi. Kotun farko ta ba shi diyyar sama da fam 100,000 a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, sai a Maris ɗin 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce yana da gaskiya: bankin yana da alhakin ya bincika kafin ya shaida wa duniya cewa mutum ya ƙi biya. Abin da ya samu a ƙarshe fam 8,000 ne, na lalata masa suna wajen masu ba da rance. Babban kason da ya nema, har da na gidan da ya ce ya kasa saya a Sifaniya, bai samu ba, domin ba a gamsu cewa tabon ne ya jawo waccan asarar ba. Fiye da shekara 15 ke nan a kan kwamfuta ɗaya, a ƙasar da kotunanta suka fi namu sauri.

Kafin shi akwai wani ɗan Najeriya, Kpohraror, da ke fataucin kaya daga Ingila zuwa gida. Bankinsa, Woolwich, ya ƙi biyan cakinsa na fam 4,550 bisa kuskure alhali akwai kuɗi a asusun. An gano kuskuren a ranar, an gyara. Duk da haka kotu ta ba shi fam 5,550, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a tsakiyar shekarun 1990, bisa hujjar cewa a wannan zamani sunan mutum wajen biyan bashi kadara ce ko shi ba babban ɗan kasuwa ba ne, kuma taɓa ta cutarwa ce da ba sai an kawo rasit ba. Kotun Ƙolin Najeriya ita ma tun 1978, a shari'ar Balogun da National Bank, ta yarda cewa bankin da ya maido cakin mai sana'a ba bisa haƙƙi ba zai biya diyya mai kauri. Caki ɗaya mutum ɗaya ne ya gan shi. Rahoton bashi kuwa duk mai ba da rance a ƙasar nan yana gani, wata bayan wata.

Saboda haka haƙƙin yana nan. Abin da babu shi ne gajeriyar hanyar kaiwa gare shi. Kuma kada a ɗauka kuskuren nan tsautsayi ne da kan faɗa wa mutum ɗaya cikin dubu. A Amurka, inda suke da dokar rahoton bashi tun 1970, binciken da hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta fitar a farkon 2013 ya nuna mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin rahotanninsa. Mu nan ga mutane masu suna iri ɗaya birjik a kowace unguwa, ga ranar haihuwar 1 ga Janairu da aka rubuta wa dubban mutane, ga ma'aikatu da ke cire kuɗin rance daga albashi su yi watanni ba su tura wa banki ba, ga 'yan damfara da ke karɓar rance ta waya da BVN ɗin wani.

Abin da nake so Babban Bankin Najeriya ya duba shi ne abin da takwaransa na Indiya ya yi. A Oktoban 2023 ya fitar da umarni, wanda ya fara aiki a Afrilun 2024: in mutum ya kai ƙorafin kuskure a tarihin bashinsa aka wuce kwana 30 ba a warware ba, za a riƙa biyansa rupi 100 a kowace rana ta jinkiri. An ba mai ba da rancen kwana 21 daga ciki ya aika gyara, sauran kwanakin na kamfanin adana bayanan ne, wanda ya jawo jinkirin shi zai biya. Kuɗin ba su da yawa. Amma sun sauya lissafi. A yau jinkirin gyara ba ya cin ko kwabon banki, shi ya sa fayil ɗin ƙanina ya yi wata uku yana yawo tsakanin reshe da hedikwata, kullum amsar ita ce "mun tura Legas, muna jira." Ranar da kowace kwana za ta zama kuɗin da ke fita daga asusun banki, za a samu wanda zai ɗaga waya. Ni zan ƙara abu biyu a kan na Indiya. A hana tura sunan kowa a matsayin wanda ya ƙi biya sai an aika masa sanarwa an ba shi lokacin kare kansa. Sannan in an tabbatar rubutun ƙarya ne, a sa wani adadi tsayayye da za a biya shi nan take, ba tare da an toshe masa hanyar kotu ba in asararsa ta fi haka.

Za a ce wannan zai buɗe ƙofa ga masu neman na banza, kowa ya ƙi biya ya ce kuskure ne. Ban ga ta yadda hakan zai yiwu ba. Ko dai ka biya ko ba ka biya ba, takardun banki ne za su nuna, kuma suna hannun bankin. Wanda bashi ke kansa da gaske ba zai samu komai ba sai tabbatar da tabonsa. Za a kuma ce bankuna za su ji tsoron tura bayanai. Ai tura bayanan wajibi ne a kansu, abin da zai ƙaru kawai shi ne su duba kafin su tura, wanda shi ne ya kamata su yi tun asali.

Maganar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta cikin gida. Mu mutane ne masu jin kunyar neman diyya. Muna ganin kamar kwaɗayi ne, ko rashin tawakkali, ko tonon faɗa da wanda ya fi ka ƙarfi. Yafiya abu ne mai girma, ba na musu. Amma yafiya ta wanda ya san haƙƙinsa ce, yana da ikon karɓa, ya bari don Allah. Wanda aka gajiyar da sintiri har ya ce "Allah ya isa" ya tafi gida, wannan ba yafewa ya yi ba, ƙwace masa aka yi. Kuma shirunsa ba a kansa kaɗai yake ƙarewa ba. Ma'aikacin da bai zuba kuɗin ƙanina a inda ya dace ba yana nan a kujerarsa, tsarin da ya bari aka yi wata da watanni ba a kira shi ba yana nan yadda yake. Gobe wata bazawara ce mai neman jarin ƙosai, ko ɗalibin da aka yi rance da sunansa bai sani ba. Wanda yake jin nauyin cin kuɗin diyya ya karɓa ya ba marayu, amma ya bari bankin ya ji fitarsu.

Abin da muka koya a wahalce shi ne magana ta baka ba ta da daraja a banki. Duk wanda ya gama biyan rance ya nemi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, ranar da ya gama, kada ya jira sai bukata ta taso. Ya karɓi rahotonsa na kyauta daga kamfanonin nan uku, don abin da ke wajen ɗaya ba lallai ya kasance wajen ɗaya ba. In ya ga kuskure ya rubuta ƙorafi, ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a nasa, ya karɓi lambar bin sawun ƙorafin. In an hana shi rance saboda tabon, ya roƙi a rubuta masa dalilin a takarda. Wannan ta ƙarshe ita ce mutane suka fi sakaci da ita, kuma irin gibin da ya hana Durkin babban kasonsa ke nan: kowa zai yarda an ɓata maka suna, amma sai ka nuna zaren da ya haɗa ɓatancin da asarar da kake kuka da ita.

Mu mun yi sa'a jami'in bankin na biyu mutumin kirki ne, ya ba ƙanina wasiƙa mai layi huɗu da ke cewa an dakatar da bukatarsa saboda rahoton bashi. Da ita, da takardun albashinsa na wata 24, da rasit ɗin kafin alƙalami, da farashin injin na da da na yanzu, muka zauna da wani lauya ɗan unguwarmu ya rubuta takardar neman diyya. Da zai kai ta, Hajiya ta kira shi ta ce, "Ka je, amma kada ka ɗaga wa kowa murya." Bai ɗaga ba. Ya miƙa, aka buga masa hatimi, ya ninke kwafinsa ya sa a aljihun gaba. Mun rubuta ranar da mako biyu za su cika a jikin kalandar shagona, don daga nan sai Babban Banki.

Rumfar da ya kafa wa injin tana nan a ƙofar gidansa, yara na wasa a ciki.